Shireda ta cushe kuma jar fitila ta ƙi mutuwa: me za a yi kafin a kira mai gyara?

Tambaya: Ni sakatariya ce a wani ofishin lauyoyi a Kaduna. Muna da injin yanka takardu, wato shireda, mai cin takarda 12 a lokaci guda, irin wadda ke daddatsa takarda ƙanana-ƙanana. Jiya muna rage tsofaffin fayil-fayil, sai abokin aikina ya tura mata damin takardu har da wasiƙun da ke cikin ambulan. Ta ci rabi ta tsaya, jar fitila ta kama. Na danna ribas, ta yi ɗan gurnani ta yi shiru. Yau da safe na sake kunnawa, fitilar tana nan, takardun suna maƙale. Ta ƙone ke nan, ko akwai abin da zan iya yi da kaina?

Amsa: Malama, da wuya a ce ta ƙone. Da motar lantarkin da ke cikinta ta ƙone, da ƙaurin waya da roba ya cika muku ofis, kuma da shi za ki fara ba ni labari. Gyaran injinan ofis ne sana'ata, kuma yawancin waɗanda ake kawo mini a mace ba cushewar ce ta kashe su ba, abin da aka yi musu bayan cushewar ne. Wani ya kama takarda da hannu biyu ya fizga da ƙarfin tsiya, wani ya danne ribas ya ƙi saki tana ta gurnani, wani ya zura wuƙa yana ɓanɓara. Taki tunda sau ɗaya kika danna kika ƙyale ta, ina kyautata zaton lafiyarta lau, shaƙewa kawai ta yi.

Ki fara da zare fulogi daga bango. Kashe makunni kaɗai bai isa ba, domin irin waɗannan na'urori da kansu suke tashi da zarar ɗan idon da ke bakinsu ya ga abu ya gifta, shi kuwa idon bai san bambancin takarda da yatsa ba. Tunda kuma za ki sunkuya a kanta, ki tattare bakin hijabinki ko mayafinki ki mayar da shi baya, ki cire igiyar katin shaida daga wuyanki. Hotunan hannu da gashi da tufafi da kike gani a samanta ba ado ba ne.

Ita jar fitilar kamar kukan jariri take: da yunwa da zafi da jiƙewa duk kuka ɗaya ne, sai an duba ake gane na wane ne. A ƙananan na'urori fitila guda ce ke ɗaukar dukkan ƙorafi. A irin taki mai cin 12 galibi akwai fitilu 3 ko 4 a jere, kowace da ɗan hoto kusa da ita, sai dai hotunan ƙanana ne ƙwarai, kuma ƙura kan rufe su. Ki goge wurin da yatsa, ki haska da tocin waya. Hoton ma'aunin zafi yana nufin motar ta yi zafi ta kashe kanta. Hoton kwando cike da takarda, kwandon ya cika. Hoton ƙofa a buɗe, kwandon bai zauna daidai ba. Hoton takarda da aka ja wa layi ko kibiya, an cusa mata fiye da ƙima. Wasu na'urorin kamfanin Fellowes suna da hoton hannu, na tsarin da suke kira SafeSense, wanda ke tsayar da haƙora idan hannu ya taɓa ƙarfen bakin. Batun ƙiftawa kuwa, ko fitilar ta tsaya cak ko tana ƙiftawa, kowane kamfani da ma'anarsa, har ma kowane samfuri. Kada ki ɗauki fassarar da wani ya ba ki ta tasa na'urar. Lambar samfurin taki tana kan takardar da aka manna a baya ko a ƙarƙashin kan shiredar, wato ɓangaren sama mai ɗauke da mota da haƙora, da ita za ki sami ɗan littafinta a intanet idan na ofis ya ɓata, kamar yadda ya saba ɓata.

Daga labarinki zan iya cire abu ɗaya. Jiya mai yiwuwa zafi ya taimaka, tunda kun daɗe kuna aiki kafin a tura mata damin. Ba a ƙera irin wannan shireda don ta wuni tana ci ba. Ƙananan kan yi minti 2 zuwa 5 su nemi hutun minti 20 zuwa 40, matsakaita su ɗan fi haka, kuma a watan Maris da Afrilu, ɗaki ba esi, hutun yakan fi abin da aka rubuta tsawo. A jikin motar akwai ɗan ƙarfen da ke yanke wuta idan zafi ya yi yawa, ya mayar da ita idan ya huce. To amma taki ta kwana. Duk zafin da ta ɗauka ya tafi tun dare. Idan fitilar tana nan da safe, ba zafi take kuka da shi ba.

Saura kwando, kuma nan ne mutane ke tsallakewa don suna ganin abin ya yi sauƙi da yawa. Ki zazzage shi tas ko da a idonki bai cika ba. Yankakkiyar takarda ba ta bajewa a kwando, tsibi take yi a tsakiya daidai ƙarƙashin haƙora. Idan tsibin ya kai sama, haƙoran sai su riƙa janyo guntayen suna mayar da su ciki ta ƙasa, ga kuma sabuwa tana shigowa ta sama. Ranar rage fayil-fayil irin ta jiya, wannan kaɗai ya isa ya shaƙe ta. Bayan kin zubar, ki duba gefen kwandon, za ki ga wani ɗan harshe na roba da ya fito. Shi ne ke shiga wani rami a jikin kan ya danna ɗan makunni, kuma muddin bai danna ba wuta ba za ta kai ga motar ba. Lokacin da ake ta jan takarda jiya, abu ne mai sauƙi kan ya ɗan goce. Ki mayar da kwandon har sai kin ji ya ce ƙas. Sau da yawa a nan fitilar ke mutuwa.

Yanzu ki mayar da fulogi, kai tsaye a soket ɗin bango, ba ta doguwar wayar da firinta da butar shayi ke kai ba. Ki danna ribas na daƙiƙa 2 ko 3, ki kasa kunne. Sautin da za ki ji ya fi fitilar gaya mini gaskiya. Idan shiru ne ɗif, wuta ba ta isa motar, matsalar ta makunni ce ko ido ko fis. Idan gurnani ne mai nauyi, haƙora ba sa motsi, wuta ta isa amma kayan sun fi ƙarfinta. Idan kuma motar ta tashi da gudu, sauti sama-sama ko da ƙaras-ƙaras, amma takarda ko gezau, to wannan ne mummunan labari, zan zo kansa. Abin da kika kwatanta na biyun ne, kuma shi ya fi sauƙin magani.

Ga yadda ake yin ribas ɗin. Ki danna daƙiƙa 2, ki saki. Ki danna gaba daƙiƙa 1 ko 2, ki saki. Ki koma ribas. A duk lokacin da take ribas ki riƙe saman takardun can nesa da bakin kina ɗagawa a hankali, ba ja ba, taimaka mata kawai kike yi. Idan kin ga damin yana ɗan motsi, ko da kaurin farce ne, ki ci gaba, zai fito. Idan kin yi haka sau 4 ko 5 babu ko motsi, ki tsaya. Motar da ke gurnani ba ta juyawa tana shan wuta ninkin-ba-ninkin abin da take sha a lokacin aiki, kuma duk wutar nan zafi take zama a cikin wayoyinta. Daƙiƙa 20 na taurin kai za su iya yin ɓarnar da cushewar ba ta yi ba.

Idan ribas ya gaza, sai aikin hannu, kuma a nan ne ake buƙatar haƙuri. Ki sake zare fulogi. Takardun da suka yi tsaye a sama kada ki ja su gaba ɗaya. Ki riƙa kama su ɗaya-ɗaya ko bibbiyu daga bayan damin, kina karkaɗawa hagu da dama. Wadda ta zare ta zare, wadda ta yage ki bar ta ta yage daidai bakin. Kowace takarda da ta fita tana sassauta wa saura. Daga nan ki shimfiɗa tsohuwar jarida a tebur, ki ɗaga kan shiredar ki kifa shi. Ki yi hattara, ya fi yadda ido ke gani nauyi, duk ƙarfen a nan yake. Idan taki irin mai kwandon durowa ce da kanta ba ya cirewa, ki zare kwandon ki leƙa daga ƙasa da toci.

Za ki ga sanduna 2 na ƙarfe kwance gab da juna, kowanne an jera masa fayafayan haƙora, na wannan suna shiga tsakanin na wancan. A tsakankanin haƙoran akwai jerin 'yan yatsu sirara, na roba ko na ƙarfe, aikinsu kankare takardar da ta naɗe. Cushewar takan taru a wuri guda, sau da yawa a gefe ɗaya inda damin ya shiga a karkace ya naɗe, kuma za ki same ta ta dunƙule ta yi tauri, fari-fari da ɗan toka-toka. Ki sami hantsaki ko filaya mai dogon baki ki riƙa tsinko ta kaɗan-kaɗan, kina ja waje ta hanyar da takarda ke fita. Tunda akwai ambulan a ciki, ki sa ido kan ledar tagar ambulan. Ita ba ta yankuwa sosai, miƙewa take yi ta naɗe sandar, ga kuma gam ɗin bakin ambulan da zafi ya narkar ya haɗe komai. Ki nemi bakin ledar ki warware ta. Idan kin ci karo da kilif ko ƙarfen fayil ya gitta tsakanin haƙora, shi ne mai laifin, ki cire shi da filaya. Abin da ba na so ki yi shi ne zura sukudireba ko wuƙa ki dogara da haƙoran kina ɓanɓara. Idan 'yan yatsun nan suka lanƙwashe ko suka karye, shiredar za ta riƙa cushewa kullum ko da takarda 3 aka ba ta. Haƙoran kuma ba su da kaifin reza, amma suna yanka fata.

Wanda ya ƙi fita, mai ne maganinsa. Ki mayar da kan daidai, ki zuba mai siriri a tsawon bakin, ki fi yawaitawa inda ya cushe, ki tafi ki yi wani aikin na minti 20 ko 30. Takarda ta sha mai takan yi laushi ta saki. Man shireda na ainihi daga man tsirrai ake yin sa, yana zuwa a 'yar kwalba mai dogon baki, masu sayar da kayan ofis sukan ajiye shi. Idan babu shi a kusa, ɗan farin man girki mai tsabta wanda ba a taɓa suya da shi ba zai fitar da ke yau, amma kada ya zama ɗabi'a, domin yana yin danƙo da wari idan ya daɗe. Manja kam a'a, daskarewa yake yi. Baƙin mai ma a'a. Wanda kuma zan ja miki kunne a kansa da babbar murya shi ne duk wani abin fesawa na gwangwani, ko WD-40 ne, ko gwangwanin iskar da ake hure ƙurar kwamfuta da shi. Gas ɗin da ke cikinsu yana kama wuta, yakan taru a cikin kwando da cikin kan, motar ko makunni su yi ɗan tartsatsi, wuta ta tashi a fuskar wanda ya sunkuya. Kusan kowane littafin shireda ya hana wannan ƙarara.

Bayan man ya jiƙa, ki sake ribas da gaba kamar ɗazu. Idan haƙora sun fara juyawa amma akwai ragowa a tsakani, ki yanki bangon tsohon fayil, irin siririn kwalin nan, guda ɗaya tak, ki tura shi daidai wurin. Taurinsa zai tura ragowar ƙasa. Sai ki bi da takardun banza 2 ko 3 su tsotse man da ya rage.

Mai yiwuwa ki share komai tas, haƙora su juya, fitilar kuma ta ƙi mutuwa. To idanu ne. A tsakiyar bakin da ake saka takarda akwai 'yan ƙwayoyi 2 masu kama da gilashi suna kallon juna. Idan guntun takarda ko ƙura mai haɗe da mai ya rufe ɗaya, na'urar za ta ɗauka har yanzu akwai takarda a ciki. Wata sai ta kunna fitila, wata kuma ta yi ta gudu ba kowa a kanta. Fulogi a zare, ki tsoma tsinken auduga na goge kunne a sifirit, ki matse shi, ki goge su, ki bari su bushe. A ƙarƙashin kan ma akwai mai lura da cikar kwando, wani ido ne, wani kuma ɗan marfi ne mai lilo da tsibin takarda ke turawa. Ki tabbata yana lilo ba abin da ya tokare shi. Da hunturu wannan ya fi damun mutane: iska ta bushe, guntayen takarda suna mannewa a jikin roba, kwando wayam amma fitilar cika tana ci. Idan taki mai hoton hannu ce, ki goge ƙarfen bakin da busasshen ƙyalle, danshi ko wani ƙarfe da ya taɓa shi yakan ruɗe ta. Kin gama, ki bar ta a zare na minti 1 kafin ki mayar, don allon cikinta ya manta da ƙorafin jiya.

Akwai wani abin da littattafan kamfani ba sa yawan kawowa, domin inda aka rubuta su wuta ba ta wasa. An ƙera na'urar don bolt 220 zuwa 240. A irin motar da ke cikin yawancin na ofis, ƙarfin juyawa yana faɗuwa fiye da yadda wutar ta faɗi: idan wuta ta sauka zuwa 180, abin da ya rage mata kusan kashi 60 cikin 100 ne. Shiredar da ke cin 12 sai ta shaƙe da 7, ribas ma ya kasa. Idan kin ga fanka tana juyawa a kasalance, ko allon sitabilaiza yana nuna ƙasa da 200, ki jira wuta ta gyaru kafin ki yanke mata hukunci. Haka idan kuna kan ƙaramin janareta ko inbata da ke ɗauke da kaya da yawa. Ki kuma karanta takardar bayanta. Idan an rubuta 120V 60Hz, ta kasuwar Amurka ce, da taransifoma take aiki, kuma idan taransifomar ƙarama ce kullum a galabaice za ta kasance.

Idan haƙora sun fita fes amma har yanzu gurnani take ba ta juyawa, a na'urorin da ke da kafasita ita ake fara zargi, aikinta ɗaya da ta fanka, kuma canza ta ba wani abu ba ne a wurin mai gyara. Idan shiru ne bayan kin tabbatar da kwando da soket, wataƙila fis ne ko fis ɗin zafi da ke jikin motar, wanda a wasu samfura idan ya tsinke ba ya dawowa. A nan ki tsaya a kan mai gyaran ya sa sabo. Akwai masu haɗe wurin da waya su ce an gama, wasu har makunnin kwando suke toshewa da takarda. Na'ura ce cike da ƙurar takarda da mai, ba wurin cire mai tsaron zafi ba ne. Sauti na uku kuwa, mota tana gudu haƙora suna tsaye, giyar da ke tsakaninsu, wato faifan da ke kai juyin mota ga haƙora, ita ce ta cinye. A ƙanana da matsakaita giyar roba ce, kuma samun irinta daidai yana da wuya, sai dai a ciro daga wata matacciya. A ra'ayina idan shiredar mai araha ce kada ku wahalar da kanku, ku sayi wata. Manyan na ofis irin na HSM, Dahle, Ideal ko Kobra su ne suka cancanci a nemo musu kaya.

Shi kuma abokin aikin naki, ki nuna masa lissafin nan. Lambar 12 da aka rubuta, kamfanoni da yawa da takarda mai giram 70 ko 75 suke auna ta, a sabuwar na'ura mai mai. Idan takardarku mai giram 80 ce, iyakarta 10, ni kuwa 8 nake ce wa mutane. Wasiƙa mai shafi 2 da aka ninke uku ta zama 6, ambulan ya ƙara 2, ta zama 8. Uku irinta a dami ɗaya 24 ke nan, a ido kuwa wasiƙu 3 ne kacal. A buɗe ambulan, a warware takarda, a cire kilif. Takardar da aka yi wa laminatin, da mai salatif, da sitika kada su shiga ko kaɗan, haka takardar da ta sha danshin damina a sito sai ta bushe. Mai daddatsawa irin taku, wadda galibi ke matakin P-4 a ma'aunin ƙanƙantar guntaye mai suna DIN 66399, guntayenta ba su wuce kimanin milimita 4 da 40 ba, don haka ta fi mai yanka dogayen zirin buƙatar mai. Duk lokacin da aka zubar da kwando a ɗiga mata, a yi ribas na 'yan daƙiƙu ya ratsa.

Idan dai ta kai ga sai an kai ta shago, kada ta fita daga ofis da takardun nan a bakinta. Rabin da bai shiga ba yana karantuwa sarai, kuma sirrin waɗanda kuke wa aiki ne, ga Dokar Kare Bayanai ta 2023 da ta ɗora wa ofis alhakin tsare irinsu. Ki yage duk abin da ya fito sama ki adana, ki zazzage kwandon a ofis, ko mai gyaran ya zo ya yi aikin a gabanki. Idan kin gwada waɗannan ba ta tashi ba, ki turo mini lambar samfurin, da hoton da ke kusa da fitilar da ke ci, da irin sautin da kika ji lokacin da kika danna ribas.